Hanyar da Kaka Ya Ɓoye

Shekarar da na gama aji uku a sashen labarin ƙasa na jami'a a Damagaram, aka ce kowane ɗalibi sai ya yi istaj, wato ya je wani wurin aiki ya zauna ƴan watanni yana koyo. Abokaina duk Yamai suke hange. Ni kuwa na roƙi a mayar da ni gida Gure, domin na san halina: in an jefa ni cikin baƙi sai in yi sati ban ce uffan ba. Aka yi sa'a akwai wani furoje, wato shiri na gyaran ƙasa, da ke neman ɗalibin da ya iya ordinatar, wato kwamfuta, kuma yake jin Hausa da Barbarci. Suka ɗauke ni.

Biron, wato ofishinmu, ɗaki biyu ne, da fanka ɗaya mai ƙara. Shugabarmu mace ce da ta kusa sa'ar innata, kowa Madam yake ce mata. Ba ta da yawan magana, abin da ya sa na ji daɗin zama da ita ke nan. Ran farko ta zaunar da ni gaban ordinatar, ta buɗe hotunan ƙasarmu da aka ɗauko daga sama, ta ce aikina shi ne in bi duk wani layi da na gani a jikin ƙasa, in zana shi a taswira, in faɗi ko mene ne.

Kashi huɗu aka ba mu. Akwai hanyar mota da amalanke, ita ba ta da wuyar ganewa. Akwai burtali, hanyar da dabbobi ke bi har yanzu tsakanin gonaki. Akwai matacciyar hanya, wadda aka daina bi kuma ba ta cutar kowa. Na huɗun shi ne kwazazzabo, ramin da ruwan sama ya ci. Kowane da launinsa, kuma launin ba ado ba ne. Layin da aka ce burtali ne za a kafa masa ginshiƙan siminti dama da hagu, ba mai ikon noma shi ko toshe shi. Wanda aka ce kwazazzabo ne za a zo da duwatsu a ɗaure su cikin ragar waya, a gitta masa katanga bayan katanga, don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya kwaso. Ba a yarda layi ɗaya ya ɗauki launi biyu ba, saboda kowane aiki da masu yin sa dabam.

Wahalar ita ce a ƙasarmu tsohuwar hanya da kwazazzabo kamarsu ɗaya. Ba wanda ya gina hanyoyinmu na dā, ƙafa ce ta yi su. Kofaton shanu da tafin raƙumi su sassauta rairayi, iska ta kwashe, damina ta zo ruwa ya tarar da wuri mai gangare ya bi. Shekara bayan shekara hanya tana nutsewa, har a wayi gari mutum yana tafiya cikinta ba ya hango gonar da ke gefensa. Wasu tun zamanin ayarin kanwa da gishirin mangul suke. Daga sama kuwa duk zare ne baƙi a kan farar ƙasa. Madam ta koya mini yadda ake rarrabe su. Ta ce ruwa rago ne, ba ya hawan tudu, kuma yana yin rassa kamar saiwar itace. Hanya kuwa tana da inda za ta, tana haye tudu in ta kama, kuma in ka bi ta sai ka tarar da rijiya a ƙarshenta. In an yi shakka, hoto ba ya yanke hukunci. Sai an je an taka wurin da ƙafa, a nemi sawu da kashin dabba, sannan a tara dattawa gaban mai gari a tambaye su. Abin da ido ya gani da abin da dattawa suka faɗa shi ake rubutawa, a karanta musu, mai gari ya sa hannu.

Na so aikin nan ƙwarai. Ba ya bukatar in yi magana da kowa. Ina iya wuni a kan layi ɗaya, ina ƙara girman hoto ina rage shi, har in tabbatar ban kauce masa ba ko kaɗan.

Ina cikin wata na biyu na iso wani hoto da na gane tun kafin in duba sunan wurin. Ƙauyen kakana ne, mahaifin innata, can arewa da Gure, in ka bar hanyar Kelle ka karkata gabas. Ga ƴan ɗakunan garin, ga gonakin gero sun kewaye su, ga kwarin da ke ƙasa da su mai goriba da rijiyoyi gajeru. Tsakanin gari da kwari ga zaren nan baƙi. Rabinsa na sama ya haye tudu ya miƙe sak, hanya ce ba shakka. Rabinsa na ƙasa ya yi rassa, yana cin gonaki ta gefe biyu.

Na san layin nan da tafin ƙafata. Ina yaro, duk hutun lekol, wato makarantar boko, a can nake yin sa, kuma ta nan muke gangarawa da dabbobi. A wasu wurare bangon hanyar ya fi Kaka tsawo, saiwoyin aduwa na reto a jikinsa, ciki da sanyi ko da rana ta take. Ƙamshin kashin shanu da danshin ƙasa ne ke tashi daga cikinta.

A lokacin da nake ba da labari Kaka ya tsufa ainun. Yawancin garkensa ya daɗe da miƙa wa kawuna, wanda ke kiwo can wajen Alakos. Ya riƙe ƴan shanu kaɗan da tumaki, waɗanda ya ce jinin saniyar da ubansa ya ba shi ne, ba ya rabuwa da su. Su ne dalilin tashinsa da safe. Rijiyar cikin gari mai zurfi ce, ruwanta da ƙyar yake isar mutane, don haka dabbobi a kwari suke sha, kiwo ma sai an wuce kwari. Da damina kuwa gonaki na rufe garin ta ko'ina, hanyar nan ita kaɗai ce ƙofa. In an toshe ta, Kaka ba shi da yadda zai riƙe dabba ko ɗaya a gida.

Na nuna wa Madam. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan sai an je. Na ce mata garin kakana ne. Ta ce to in je in gaya musu muna tafe, in bayyana musu abin da za a tambaya.

Ran Asabar na hau kabu-kabu na tafi. Na isa da la'asar, daidai lokacin da Kaka ke haurowa daga kwari, sanda a kafaɗa, shanun na gabansa suna tafe a hankali kamar shi. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Ga ɗan lekol, ga ɗan lekol! A ɓoye ƙwaryar nono, mayunwacin birni ya iso."

Duk duniya shi kaɗai nake da baki a gabansa, saboda wasan jika da kaka. Na ce, "Wane nono? Shanun nan naka sun fi ka tsufa, Kaka. Abin da suke bayarwa ko kyanwa ba zai ƙosar ba."

"Ku ji shi. Mutumin da har yau ba macen da ta yarda ta dafa masa ko ruwan zafi."

Bayan mun zauna a tabarma na bayyana masa komai, da Barbarci, dalla-dalla. Na ce wasu mutane za su zo da mota su duba hanyar kwari. In sun ga dabbobi na bi, kuma dattawa sun shaida, za a kafa mata iyaka ta zama ta makiyaya har abada. In kuwa aka ce ba mai bi, za a zuba mata duwatsu. Yana saurare yana tsince ƙarangiya daga bakin wandonsa.

Ya ce, "Za su rubuta?"

"Za su rubuta."

"Su rubuta cewa dabbobi na bi ta nan."

"Abin da muke so ke nan, Kaka."

"Su kai takardar ina?"

"Gure, daga nan Damagaram, har Yamai."

Ya ce, "Har Yamai." Ya jefar da ƙarangiyar da ke hannunsa. "To, na ji."

Na koma Gure hankalina kwance.

Ran da muka je, da hantsi muka isa cikin farar mota katkat ta furoje. Muka bar ta a bakin gari, ni da Madam muka gangara cikin hanyar da ƙafa. Tun takun farko na ga an taɓa wurin. Ƙasan hanyar sumul yake. Ba sawun saniya, ba na tunkiya, ba kashi ko ƙwaya ɗaya. Sai wasu siraran layuka a jere a kan rairayin, kamar an taje shi da mataji. Daga baya na ji yadda aka yi: jajiberin zuwanmu dattawa suka sa samari suka ɗaura rassan ƙaya bayan jakai suka ja daga gari har kwari, mata suka tsince kashin dabbobi a kwanduna, dabbobin kuma aka kora su bayan kwari aka ce kada su hauro sai mota ta tafi.

Madam ta durƙusa ta shafa rairayin. Ta dube ni ta ce, "An share."

Da muka isa rabin ƙasa muka ga ɓarnar ruwa, ita kuma ba wanda ya ƙirƙire ta. Bango ya zube, rassan ramin sun shiga gonaki, wata gona an cinye mata kusan rabi. Gonar wani maƙwabcin Kaka ce, abokinsa tun suna yara, manomi ne da ba shi da dabba sai jaki.

Aka taru gindin gawon da ke ƙofar masallaci. Mai gari na tsakiya. Kaka ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya naɗa rawani, ya zauna gaba tunda shi ne babba a cikin masu dabbobi. Manomin ya fara magana, ya faɗi yadda ruwa ke saukowa da ƙarfi duk damina, ya ce in an bar shi haka ba zai bar wa ƴaƴansa komai ba sai rami. Madam ta tambaye shi ko dabbobi na bin wurin. Ya saci kallon Kaka, ya ce, "Wannan sai masu dabbobi."

Sai ta juya ga Kaka. "Baba, dabbobi na bin hanyar nan?"

Ya amsa da Hausarsa ta kasuwa, a hankali. "Wace hanya, ƴata?"

"Wadda ta gangara kwari."

"Ayyo, ramin nan? Dā can iyayenmu sun ce an bi. Yanzu ai sai ruwa da ƙadangaru."

"To shanun garin nan ina suke shan ruwa?"

"Waɗanne shanu? Fari ya kwashe. Ɗan abin da ya rage yana arewa wurin yara."

Sauran dattawan suka gyaɗa kai, wani ya ce haka ne, wani ya ce wallahi kuwa. Madam ta ajiye alƙalaminta. Ta ce, "Baba, ka saurare ni da kyau. Ban zo ƙirga dabbar kowa ba, ba ruwana da haraji. In kun ce ana bi, zan sa a tsare muku ita. In kun ce ba a bi, za a zuba duwatsu, saniya ba za ta sake wucewa ba. Ina sake tambaya."

Kaka ya yi murmushi irin na wanda ya gane dabarar abokin ciniki. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, ƴata. Gwamnati ta fi mu sani."

Ban taɓa magana a taron dattawa ba. Amma na ga hanyar na tafiya a gaban idona, kuma ƙofa ɗaya ce nake da ita da zan iya musa wa Kaka a bainar jama'a, ita ce ta wasa. Na ce da ƙarfi, "Kaka, to shanun da na tarar kana korowa ran Asabar fa, aljanu ne?"

Kaka bai ko juyo ba. Ya ce, "Ku ji mini ɗan lekol. Karatu ya cinye masa ido, jakin maƙwabci ya gani ya ce saniya. Wannan ko kasuwar Kelle ka kai shi ka nuna masa raƙumi da zakara, sai ya tambaye ka wanne ne ake tatsa."

Aka fashe da dariya, har da shofer ɗinmu mai tuƙa motar. Mai gari ya share hawaye ya ce, "Jika da kaka ne, Madam, kada ki biye musu, haka suke tun yana goye." Na sunkuya kusa da kunnen Kaka na ce masa da Barbarci, "Don Allah, Kaka." Ya ture ni da gwiwar hannu kamar yadda ake ture maraƙi daga ƙwarya. Aka rubuta abin da dattawa suka faɗa, aka karanta musu, mai gari ya sa hannu.

A mota, sai da muka hau babbar hanya Madam ta ce, "Na san an share. Amma ba zan rubuta zato ba, kuma kai jikansa ne, ma'aikacinmu ne, ba a karɓar shaidarka. Gonar mutumin nan ma gaskiya ce. Taswirar ba za ta je gaban kwamitin meri na hukumar gari ba sai ƙarshen wata. Ka kawo mini shi, ko wasu dattawan, su faɗi akasin haka a gaban kwamiti, ni zan tsaya musu."

Na koma ƙauye. Na tarar da Kaka cikin farin ciki irin wanda na daɗe ban gan shi da shi ba. Ya sa an yanka mini kaza. Ya ce na kusa ɓata musu aiki, amma ya yafe, tunda yaro ne ni. A ranar ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Ya ce yana ƙarami, zamanin Nasara, wani tafinta ya zo garin da takarda babba yana zana hanyoyi. Mutumin kirki ne, ya ce don a haƙa musu rijiyoyi ake yi. Uban Kaka ya raka shi ya nuna masa hanyar kwari da inda ta ɓulle. Rani bai ƙare ba sai ga masu bindiga a kan raƙuma sun biyo wannan hanyar, suka kwashi mazan gari zuwa aikin dole, ɗaukar dutse don hanyar mota. Ubansa ya dawo da tari a ƙirji, bai daɗe ba ya rasu. Bayan su masu jangali suka gane wurin, sai su laɓe cikin hanyar lokacin shayarwa su ƙirga duk abin da ya wuce. Tun daga nan garin ya ɗaure magana: baƙo mai takarda ba a nuna masa inda dabba ke bi. In an ji ƙishin-ƙishin masu ƙirga na tafe, sai a ja ƙaya.

Ya ce, "Sau nawa muka ja ƙaya a kan hanyar nan, kuma ga ta nan har yau. Da mun bar su sun rubuta ta, da tuni ba tamu ba ce."

Na ce, "Kaka, zamani ya canza. Yanzu abin da ba a rubuta ba shi ake ƙwacewa."

"Kowane mai takarda haka ya ce."

"Ni ma ai mai takarda ne."

"Kai alƙalami aka ba ka ka riƙe musu." Ya tura mini cinyar kazar. "Ka yi tunani mana, ɗan lekol. Wa zai kwaso duwatsu daga uwa duniya ya zuba a ramin da ba kowa? Gwamnati ba ta da aikin yi ne? Tsoratarwa ce, don mu faɗi. Abin da aka ce ya mutu, ƙyale shi ake yi."

Ba wauta ba ce. Duk tsawon ransa haka abin yake, kuma dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Na roƙe shi ya zo Gure ko don ni. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kana so in je gaban mutane, da furfurata, in ce ƙarya na yi?" Bai sake yarda mun yi maganar ba. Na zaga wurin sauran dattawan, kowa ya ce in shi ya tashi za su tashi. Mai gari ma haka ya ce. Innata ta je da kanta, ya ce mata ta koma ta nema wa ɗanta mata, ta bar maganar shanu.

Wata ya ƙare. Na zauna gaban ordinatar na zana layin. Na tambayi Madam ko za a raba shi biyu, ta yarda rabin sama ya zama matacciyar hanya, rabin ƙasa kwazazzabo. Wannan bai amfani Kaka da komai ba, domin rabin ƙasan shi ne ke kaiwa ga ruwa. Na bi kowane lanƙwasa nasa da kowane reshe, daidai, kamar yadda na zana sauran. Istaj ya ƙare na koma Damagaram.

Bayan girbi, cikin sanyi, innata ta kira ni a waya. Ta ce kamyo, manyan motocin kaya, sun fara sauke duwatsu a bakin kwari, an ɗauki samarin garin aiki, suna ta murna. Ta ce Kaka ya zo Gure shi kaɗai a motar ƴan kasuwa, yana zaune a zaure, ya ƙi shiga gida, ya ce a kira masa ni.

Washegari na iso. Yana sanye da farar rigar nan. Bai ce mini ɗan lekol ba, bai yi wasa ba. Ya ce, "Kai ni wurin matar nan."

Muka tafi a ƙafa, ina rage sauri saboda shi. Da muka shiga biro Madam ta miƙe ta jawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya dogara sandarsa, ya ce da Hausa, a gaban shofer da mai gadi da ni, "Ƴata, ƙarya na yi. Shanuna na bi. Tun ina yaro nake bi. Ki rubuta."

Na sunkuyar da kai. Ban gane cewa ba na son ganin abin da na yi ta roƙonsa ya yi ba sai da na gan shi yana yi.

Madam ta ce, "Baba, zauna don Allah." Ta ɗebo masa ruwa da kanta, ta durƙusa ta ba shi. Sannan ta faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Kwamiti ya amince da taswira, ta wuce Yamai, an ba da aiki, an riga an ɗaure wasu katangun. Ta kira mai kula da ginin a gabanmu ta tambaye shi ko za a bar ƙofa a tsakiyar kowace katanga, daidai faɗin saniya. Ya ce in an bar ƙofa ruwa duk can zai taru, damina ɗaya zai kwashe aikin har da gonar da ake son tsarewa. Ta yi wa Kaka alkawarin za ta nemi a fitar da sabon burtali ta cikin gonaki. Ta kuwa nema. Wasu masu gonaki suka yarda su ba da gefe, manomin nan abokinsa shi ya fara yarda, wasu suka ce gonar ba ta isar su ma. Burtalin da ya yanke a tsakiya ba burtali ba ne. Har furoje ya tashi ba a gama maganar ba.

Da rani abin bai nuna ba, tunda gonaki a buɗe suke, dabbobi na ratsa su ta sama suna cin kara. Sai da ruwa ya sauka aka yi shuka, gero ya tsiro ya rufe gari. Kaka ya gwada gangarawa ta tsohuwar hanyar, yana lallaɓa shanun su tsallake katangun ɗaya bayan ɗaya. Tumaki na hayewa. Shanun kuwa sai su tsaya suna huci. Wata karsana ja, wadda ya fi so, ta yi ƙoƙarin hawa, ƙafarta ta shige ragar waya ta karye. A nan cikin ramin aka yanka ta. A ranar ya aika a kira kawuna.

In faɗi gaskiya, katangun sun yi aikinsu. Ruwa ya rage gudu, rairayi ya taru bayansu, ramin ya fara cikewa. Manomin nan ya sake shuka inda ya fid da rai. Da lokacin girbi ya yi ya ɗauko damin gero ya kawo wa abokinsa har gida, suka zauna a tabarma ɗaya suna hirar sanyi da ciwon gwiwa, ba wanda ya ambaci hanya.

Ina garin ran da kawuna ya zo tafiya da dabbobin, hutu ne, tun cikin daminar nan gero bai nuna ba. An roƙi masu gonaki izini, aka ɗaure wa shanun baki da igiyar kaba don kada su ci shuka, aka bi da su ta kan iyakar gonaki a jere, wajen arewa. Kaka ya raka su har inda gonaki suka ƙare. Duk tafiyar magana yake yi wa kawuna, wanda shi ma furfura ta fara fito masa. Wannan ba ta son a tatse ta ta hagu. Waccan in ta ƙi ci a ba ta kanwa. Baƙar nan tana da ciki, kada a matsa mata da tafiya. Kawu yana ta cewa to Baba, to Baba. Da suka kai bakin daji Kaka ya kwance igiyar bakin kowace da hannunsa. Bai tsaya kallon tafiyarsu ba, ya juyo.

Da muka iso gida ya wuce kai tsaye bayan ɗakinsa, inda turakun shanun suke kafe. Ya kama na farko ya dinga girgiza shi gaba da baya har ya saki ƙasa. Na matso in taimaka, ya ce, "Matsa, za ka ji ciwo." Ya tuge su duka shi kaɗai, yana hutawa tsakani, ya kwashe su a rungume ya kai wa ƙanwar innata da ke kula da shi, ya zube mata gaban murhu. Ta ce, "Haba Baba, a ajiye mana, wa ya sani." Ya ce itace ne busasshe, ta yi amfani da shi.

Da su aka dafa tuwon ranar. Ni na kasa ci. Shi kuwa ya ci, ya wanke hannu, ya tambaye ni yaushe motar Gure ke wucewa, ya ce in tashi da wuri kada ta bar ni.